Babbar riga, kaftani ko kwat: kayan daren kwalliya a jirgin ruwan shaƙatawa

Yawanci wanda ya biya kuɗin tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, ko daga Dubai zai tashi, ko Jidda, ko Basalona, zai tarar a cikin takardun da kamfani ya aiko masa an ambaci wani dare da ake son kowa ya caɓa ado kafin ya shiga babban ɗakin cin abinci. A nan hankalin mutanenmu ke tashi. Sai ka ga magidanci wanda rabonsa da lakataye tun yana sakandare ya bazama neman kwat. Ni dai shawarata, kafin ka zare ko sisi, ka fara buɗe durowarka, domin mai yiwuwa abin da kake nema yana rataye a ciki tun Sallar bara.

Sai dai jirgi suna ya tara. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke tsallaka Tekun Atlantika daga Ingila zuwa Niyok cikin kwana bakwai, shi ne mai tsauri. Da ƙarfe 6 na yamma ta yi ake son a sauya kaya a yawancin sassan jirgin, kuma a daren gala, wato daren kwalliya, ana sa ran namiji ya fito da baƙar kwat ta dina, ko aƙalla kwat mai duhu da lakataye. Kamfanin Norwegian kuwa ba ruwansa, ba ya tilasta wa kowa daren ado. Tsakaninsu akwai irin su MSC da Royal Caribbean, inda tafiyar kwana bakwai kan zo da dare ɗaya ko biyu na kwalliya, amma za ka ga mai kwat da mai riga da wando zaune a tebur ɗaya, ba wanda ya ce uffan. MSC ɗin nan ya saba zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi, yana kuma tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik. Akwai kuma AROYA na Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a Disamban 2024, inda jallabiya da abaya ba baƙin kaya ba ne. Ke nan tambayar farko ba ta launi ko ɗinki ba ce, tambayar wane jirgi ce.

Sauran darare ba su da wata wahala. Abin da aka saba hanawa a babban ɗakin cin abinci da dare shi ne kayan iyo, singileti, silifas na wanka, wani wurin har da gajeren wando. Jamfa da wando na yau da kullum sun wadatar.

Mu zo kan kwat. Idan kana da ita, ta zauna maka, kana sa ta zuwa ofis ko taro, to ka ɗauke ta, magana ta ƙare. Mai ruwan toka mai duhu ko shuɗi mai duhu tana shiga ko'ina, kuma ka sauya 'yar ciki da lakataye ka sake fita da ita dare na biyu. Wadda ba na ganin dalilin sayenta ita ce kwat ɗin dina, mai sheƙi a kwala, wadda ake ɗaura wa ɗan ƙaramin lakataye mai siffar malam-buɗe-littafi. Za ka sa ta awa huɗu ko biyar gaba ɗaya, daga nan ina za ka kai ta? Ɗaurin aure a Zariya? Wasu jiragen suna bayar da ita haya, amma Hausawa sun riga sun yi magana, kayan aro ba ya rufe katara: hannu ya ɗage, wando ya sauka, ka fito a hoto kamar wanda aka tilasta. Ga kuma abin da ba a faye tunawa ba. Zaman cin abinci na farko yakan fara wajen ƙarfe 6, na biyu wajen 8 da rabi, wato ɗaya ya ci karo da Magariba, ɗaya da Isha'i. Alwala da kwat da maɓallan hannu da safa da takalmi mai igiya aiki ne.

Babbar riga fa? Wajen kwarjini ba ta da na biyu. Ka shigo da farar shadda da ta sha aiki a wuya, ba mai kwat ɗin da zai kama ƙafarka. Kuma ba alfarma ake yi maka ba: kamfanonin Birtaniya irin su P&O sun rubuta cewa tufafin ƙasa na bukukuwa sun halatta a daren kwalliya, shi ya sa mutanen Sikotilan ke fitowa da siket ɗinsu na gado suna taƙama. Matsalar babbar riga ba ta ƙa'ida ba ce, ta akwati ce da guga. Cikakken saiti, riga da 'yar ciki da wando, yana cin wajen yadi 10 na shadda, alhali jirgin saman da zai kai ka tashar yawanci kilo 23 yake ba kowace jaka. Sannan ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba, saboda ba abin da ake tsoro a teku kamar gobara. Idan aka gan shi a na'urar bincike, a ajiye maka shi sai ranar sauka. Cunard da Princess suna da ɗakin wanki da guga da fasinja zai shiga ya yi da kansa. Royal Caribbean da MSC ba su da shi, sai dai ka miƙa wa ma'aikata su goge, ka biya. To ka yi tunanin miƙa Getzner ɗinka, wadda ta sha sitati da bugu a Kano, ga mai gugar da bai taɓa ganin shadda ba. Ba don mugunta ba, tururi kawai zai sakar mata, ƙyallin da ka biya kuɗi dominsa ya dushe.

Idan ka nace, kuma ban ga laifinka ba, a buge ta a ninke kafin ka bar gida, ta zauna a ledarta a can saman kaya, kada ka warware sai daren. Layin ninki a jikin shadda ai ado ne, ba aibu ba. Ka kuma tuna teburan a matse suke, masu raba abinci na kai da kawo da miya, hannun riga sai an yi ta naɗe shi a kafaɗa.

Shi ya sa, da za a ce in zaɓi ɗaya, kaftani zan ɗauka. Dogo, mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗi, na yadi mai ɗan nauyi da ba ya saurin yamutsewa, da aiki kaɗan a wuya da maɓalli mai kyau a hannu. Yadi 4 zuwa 5 ya ishe shi, rabin nauyin babbar riga ke nan, ka iya ɗaukar biyu. Idan ya ɗan tattare a akwati, ka rataye shi a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta shi. Kuma kuɗinka bai tafi a banza ba, don ka dawo ka ci gaba da zuwa Juma'a da shi. Abu ɗaya dai: a gaya wa tela da wuri. Wanda ya kai ɗinki saura kwana uku tafiya ya san abin da ya saya wa kansa.

Hula ita ke nuna cewa shiga ce ta gangan, ba kayan shan iska ba. Zanna bukar ko kube, a cusa mata safa a ciki don kada ta lotse a hanya. Dokar cire hula da ake gani a ƙofar wasu ɗakunan abinci don hana-sallah aka yi ta. Amma idan ka fita saman jirgi bayan an ci abinci, ka riƙe ta a hannu, iskar teku ba ta san tsadar hula ba. Takalmi kuma rufaffe, na fata. Buɗaɗɗen takalmin da muke sawa da kaftani a gida yana iya jawo maka magana a jirgi mai tsauri.

Mata sun fi samun sauƙi, domin abin da ake nema a daren shi ne doguwar riga ta alfarma, wadda kuwa ba a koya wa Bahaushiya. Zaɓin yana tsakanin leshi, atamfa, abaya da laffaya. Leshi mai duwatsu yana ɗaukar ido a ƙarƙashin fitilun zauren, amma nauyi gare shi, duwatsun kuma suna kama mayafi. Atamfa, ko da Super ce, auduga ce, tana son guga, mun kuwa ga yadda guga take a jirgi. Abaya mai ado a hannu da ƙirji ita ce mai sauƙin sha'ani: ba nauyi, ba yamutsewa, ki sauya mayafi da sarƙa ta zama sabuwa. Laffaya ma haka take wajen sauƙi, ga wadda ta iya naɗa ta yadda ba za ta warware a matakala ba. Ni da zan ba ƙanwata shawara, cewa zan yi leshi ɗaya don daren hoto da kyaftin, abaya biyu don sauran. Gwaggwaro kuwa a bar shi a gida. Bayan cin abinci yawanci gidan wasa ake wucewa, na bayanki ba zai gode miki ba. Ɗaurin ɗankwali mai laushi ya isa.

Mayafi mai ɗan kauri yana da rana, don sanyin na'ura a zauren ba na wasa ba ne, ko da a Bahar Maliya ake. Takalmi mai tsini a daren da teku ke motsi neman faɗuwa ne, mai faɗin dunduniya ya fi. Gwal kuma a taƙaita. Akwai ƙaramin akwatin ajiya mai lamba a kowane ɗaki, amma za a bi ta filayen jirgin sama da tashoshi kafin a kai gare shi.

Sai turaren wuta, wanda Hajiya ba ta jin ta gama shiri sai da shi. Babu hali. Gawayi, kasko, kyandir, tsinken turare, duk haramun ne a jirgi, kuma kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi. A turara kayan sosai a gida, a ƙulle su a leda tun suna da ɗumi, ƙamshin zai kai. Humra da turaren mai su ƙarasa sauran, a sa su a babbar jaka, a naɗe bakin kwalbar da kyau.

Daren farko ba a yin gala, domin jakunkuna kan kai yamma, wani lokaci dare, kafin a kawo su ƙofar ɗaki. Saboda haka a sa kaya saiti ɗaya a jakar hannu. Yawanci dare na biyu ake fara kwalliyar, ko ranar da jirgi zai wuni a teku bai tsaya ko'ina ba, kuma takardar shirye-shiryen da ake kawowa ɗaki kullum za ta faɗa. Wanda zai ba da guga ya bayar tun ranar shiga, don ba kai kaɗai ka yi wannan tunanin ba. Idan kuma ranar ta zo ba ka jin yin ado, ɗakin abincin ɗebi-da-kanka a buɗe yake, ba mai duban abin da ka sa. A daren ƙarshe ana fitar da manyan jakunkuna bakin ƙofa kafin a kwanta, ma'aikata su kwashe, ba za ka sake ganin su ba sai a tasha. Ka ware kayan da za ka sauka da su, har da takalmi da hula, kafin ka zuge zif.