Ɗigon ruwa ko hawa-hawa: wanne ya fi bayyana cibiyar atom?

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi zai tarar da hanyoyi biyu na fahimtar cibiyar atom, wato dunƙulen ƙwayoyin furoton da nutron da ke tsakiyarsa.

Ta farko, wadda Weizsäcker ya tsara lissafinta a 1935, tana ɗaukar cibiyar kamar ɗigon ruwa. Ƙarfin nukiliya gajeren zango ne, kowace ƙwaya maƙwabtanta kawai take riƙewa, shi ya sa cunkoson bai cika canzawa ba. Daga tsakiya zuwa baki femtomita 1.2 ne, a ninka da saiwa ta uku ta adadin ƙwayoyin (femtomita kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na mita). Iraniyom-238, irin na Arlit, ya ba da kusan femtomita 7.4. Furoton kuwa suna ture juna, dole cibiya mai nauyi ta tara nutron: furoton 92, nutron 146. Wajen bayyana tsagewar cibiya, wannan hanyar ta fi sauƙi.

Inda take tuntuɓe shi ne idan adadin furoton ko na nutron ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126, inda cibiya take ƙara ƙarfi fiye da hasashe. A nan tsarin hawa-hawa na Mayer da Jensen, na 1949, wato hanya ta biyu, ya fi ta: ƙwayoyi suna cika hawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika ya rufe. Dalma-208 ta cika biyu, furoton 82 da nutron 126. Sai dai idan cibiya ta miƙe kamar ƙwai, lissafinsa yana nauyi ƙwarai.