FR-4 ko Rogers don eriyar 5.8 GHz? Amsa ga ƙanenmu na Aliero

Ƙanena, ka tambaya wane allon lantarki mai rufin tagulla za ka yi eriyar 5.8 GHz da shi, FR-4 na gama-gari ko na kamfanin Rogers. Rogers za ka saya, samfurin RO4350B. Guntu ɗaya gare ni, bai fi tafin hannu ba, wani abokina ya haɗo mini da kayansa daga Sin. Da shi na yi eriyar da ke harba intanet daga shagona a Birnin Kebbi zuwa gidan yayata. Ranar da na kunna ta, inda lissafi ya ce za ta kama nan ta kama, ko kankare tagulla ban sake ba. Damina biyu ke nan tana bisa rufi, har yau in na ɗaga kai na gan ta sai na ji daɗi.

Sigina ta hanya biyu take zurarewa. Jikin allon da ke ƙarƙashin layin tagulla yana tsotse wani kaso ya mai da shi zafi, kuma tsotson yana ƙaruwa da hawan GHz. Ma'aunin wannan tsotso a FR-4 wajen 0.02 ne, a RO4350B kuwa 0.0037, bambancin ya haura ninki biyar. Sai tagullar kanta. A 5.8 GHz wuta ba ta bin tsakiyar layi, a fatarsa take gudu, cikin kaurin da bai kai maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Shi ya sa ƙara wa tagulla kauri ba ya tsinana komai, in kuma fatar na da kaushi asarar ta daɗu. Ga wani abin da ya fi burge ni: lambar Dk ta RO4350B, wato ma'aunin yadda allo ke rage gudun sigina, tsayayya ce. 3.48 ce a gwajin kamfani, amma 3.66 kamfanin ya ce a yi zane da ita, da ita za ka dogara wajen fitar da faɗin layi mai om 50, ma'aunin da rediyo da kebul ɗinsa ke aiki da shi.

FR-4 dai yana da araha, ya wadatar ga caja da inbata. Sau uku ina zuba masa asid don fitar da zanen eriya, sau ukun eriyar na kauce wa 5.8 GHz, don Dk ɗinsa yawo yake daga wannan allo zuwa wancan.

Ka kuma yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai miƙo maka allo mai hasken fari ya rantse Rogers ne, akwai mai ba ka allon takarda ruwan ƙasa, mai warin ƙuna in an huda, da sunan FR-4. Wanda ya kasa nuna maka takardar kamfani mai lambar samfurin da kaurin allon, riƙe kuɗinka. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi falle ɗaya ku raba, sannan ka gajarta layin da ke tsakanin eriya da mahaɗi iyakar iyawarka.