Ragar Ɗora Kabewa: Abin da Na Gani a Damina Ɗaya

Tsakar gidanmu a Zariya ba ta da faɗi, kuma duk wanda ya taɓa shuka kabewa ya san cewa gindi ɗaya kan yi yaɗo har ya cinye wurin shimfiɗa tabarma uku. Wannan ne ya sa a farkon daminar bara na sayi ragar nailan ta ɗora yaɗo, mai tsawon mita 5 da tsayin mita 2, wadda faɗin kowane idonta ya kai santimita 15, na ɗaure ta a jikin sandunan gora a kusa da katanga, inda rana ke daɗewa.

Iri biyu na shuka a watan Yuni: kabewarmu ta gida da ake miyar taushe da ita, da kuma ƙaramar kabewa mai dogon wuya kamar buta, irin Waltham da aka samar a Amurka, wadda nauyinta ba ya cika wuce kilo 2.

A kan wannan ƙaramar, ragar ta biya ni kuɗina. Bayan na riƙa cusa kan yaɗon cikin idanun ragar na makonni biyu, sai ya kama hawa da kansa, kuma da ruwan Agusta ya kankama, babu ɗiya ko ɗaya da ta ruɓe, domin duk suna rataye ba su taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda furanni suka fito fili, har ina iya bambance macen fure, mai ɗan ƙullutu a gindinta, da namiji, in shafa mata garinsa da sassafe kafin rana ta ɗaga su rufe, tunda ƙudan zuma ya yi ƙaranci a unguwarmu.

Kabewar gida kuwa ta fi ƙarfin ragar, kuma mai sayarwa bai gaya mini haka ba, ko da yake na tambaye shi. Da 'ya'yan suka fara nauyi sai ragar ta lotsa, zare biyu suka tsinke, babbar cikinsu ta faɗo ta fashe tun ba ta nuna ba, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Sauran na cece su ne da tsohon buhun albasa, na goya kowace a ciki, na ɗaure buhun a jikin gora maimakon raga. Zuwa Oktoba kuma rana ta cinye zaren har yana karyewa a hannu, saboda haka ban sa ran za ta kai damina ta biyu ba.

Bana zan sake sayen ta saboda ƙaramar kabewar kaɗai, ta gida kuwa zan bar ta ta hau rufin rumfa, kamar yadda ake yi a ƙauyenmu.