Inuwa da baƙi ko da kishiyar launi?

Ɗan'uwa, ka ce ka fenta ɗan sojanka na Warhammer, wasan nan na ƙananan sojojin roba da ake yi a kan tebur, da alkyabba rawaya, ka sa baƙi a ninkin yadin don inuwa, sai wurin ya koma kore-kore mai datti. Kana tambaya ko dai kishiyar launi ta fi.

Hannunka bai yi laifi ba. Haka rawaya take: da ta haɗu da baƙi sai ta juya kore kamar zaitun.

Baƙi yana da ranarsa. Kwalba ɗaya ta Nuln Oil, baƙin fenti mai ruwa-ruwa, ta ishe ka sulke, takobi, bakin bindiga da duk wani ƙarfe. Ka shafa, ya gangara lunguna da kansa, ka wuce. In runduna guda kake fentawa, babu abin da ya kai shi sauri. Illarsa ita ce yana kashe launi, ja ya dushe, fata ta zama kamar an shafa toka.

Kishiya kuwa ita ce launin da ke fuskantar naka a da'irar launuka: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Ka ɗiga ta kaɗan cikin launinka, zai yi duhu amma da ransa. Jan mayafi da aka yi wa inuwa da kore mai duhu ya fi yin ja a ido, domin launi yana canza yadda ake ganin maƙwabcinsa. Wani Bafaranshe, Chevreul, shugaban rini a masaƙar Gobelins ta Paris, shi ya bayyana wannan a 1839, bayan ƙorafin da aka yi masa cewa baƙin zarensa ba ya baƙi sosai kusa da shuɗi. Ashe zaren lafiya lau yake, ido ne ke ruɗuwa.

Sai dai kishiya ba ta yafiya. Ka zarce kaɗan, cakuɗin ya zama taɓo. Kuma soja mai tsawon milimita 28 daga nesa ake kallonsa a kan tebur, inuwar da ta yi laushi ɓacewa take, don haka ni nakan ƙara ɗigon baƙi a can ƙuryar lungu kawai.

Alkyabbar taka, maida mata rawaya, ka yi inuwa da shunayya tsarma-tsarma, shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe. In kana jin tsoronta, ruwan ƙasa mai ja-ja ya fi sauƙin sarrafawa. Fara gwadawa a bayan cokalin roba.