Sharhi kan sabon damin bututu a hitar gas mai yoyo

Kayan da nake sharhi a kai shi ne damin bututun da ke ɗumama ruwa a cikin hitar gas ta tafkin ninƙaya, irin wanda aka yi da gamin jan ƙarfe da nikel, tare da robobin da ya zo da su. Hitar mai ƙarfin BTU 400,000 ce (BTU ma'aunin yawan zafi ne), tafkin kuma yana cin ruwa kusan lita 75,000. Damin ya yi aiki tun shigowar hunturu har zafi ya kama, ko ɗigo bai zubar ba. Kaya ne mai kyau, amma da yawa daga masu ganin ruwa a ƙarƙashin hita ba shi suke bukata ba, ga shi kuma ya fi duk sauran sassan hitar tsada. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan binciken da ya kamata a yi kafin a fitar da kuɗi.

Da farko a tabbatar yoyo ne na gaske. Gas idan ya ƙone yana fitar da tururi. Idan ruwan tafkin ya yi sanyi, musamman ƙasa da digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, tururin nan yakan kwanta a jikin bututan ya zama zufa, ya riƙa ɗiga a kan murhu har a ji yana cau-cau. Gwajin ba shi da wuya. A kashe wutar hitar, a goge ƙasanta ta bushe, a bar famfo kaɗai yana turo ruwa na tsawon awa ɗaya ko biyu. In wurin ya zauna a bushe, zufa ce. In ya sake jiƙewa, yoyo ne. Wanda yake so ya ƙara tabbatarwa sai ya tari ɗigon a murfin kwalba ya tsoma takardar gwajin kulorin: ruwan tafki zai nuna kulorin, zufa kuwa ba za ta nuna ba.

In an tabbatar yoyo ne, a fara da wuraren da gyaransu ba shi da tsada. Akwai mahaɗan bututu biyu masu inci 2 na shiga da fita, kowanne da zoben roba a ciki. Akwai toshiyar zubar da ruwa a ƙasa, da siririn bututun da ke zuwa makunnin matsi (wanda ke hana hita kamawa in ruwa ba ya gudu), da ramukan da sensa mai auna zafi take shiga, sai bawul ɗin rage matsi ga hitar da take da shi. Tocila da ƙaramin madubi da busasshen tsumma sun isa. A bi ruwan zuwa sama, domin inda ya taru ba nan ne inda ya fito ba. Daga nan sai heda, wato murfin gefe da bakunan bututan suke shiga cikinsa. Idan ruwa yana tsatsafowa daga tsakanin heda da farantin da ke riƙe da bakunan bututan, robobi ne suka gaji. Idan daga jikin hedar ne, ta tsage. A Amurka da Kanada ƙanƙara ce take tsaga ta idan aka bar ruwa a ciki da hunturu. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta kuwa akwai wani dalilin daban: famfo ya tsaya hita tana tsakiyar ci, zafin da ya rage a ciki ya gasa ruwan da ya tsaya, hedar roba da mahaɗan su lanƙwashe. Don haka ne a tsarin da aka yi daidai hita take mutuwa minti 15 zuwa 20 kafin famfo ya tsaya.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi ake duba damin kansa. Fasalinsa kamar lagireton mota ne, bututan jan ƙarfe masu fiffike, ruwa yana bi ta ciki, wuta tana dukan su ta waje. Ƙirar iri biyu ce. A irin hitocin kamfanonin Raypak da Hayward bututan a shimfiɗe suke a saman murhu, in an cire murfin sama da mazurarin hayaƙi ana ganin su. A irin Pentair MasterTemp a naɗe suke cikin rufaffiyar tukunya, ruwan yakan taru a ciki ba a gani, alamar farko sau da yawa ita ce hita ta ƙi kamawa saboda abin kunna wutar ya jiƙe. A hitar da aka yi wa wannan aiki, da aka kunna famfo babu wuta, an ga siririn ruwa yana fesowa daga bututu biyu kusa da bakin shiga, ga kore da shuɗi sun rina fiffiken. An kuma yi gwajin matsi: aka rufe shiga da fita, aka cika da ruwa har matsinsa ya kai psi 20 (psi ma'aunin matsi ne), allurar geji ta riƙa sauka. Da ruwa ake wannan gwaji, ba da iska ba, don matsattsiyar iska tana iya harbo toshiya ta ji wa mutum rauni.

Da aka cire hedar, bakunan bututan sun yi sirara har farce yana lanƙwasa su. Wannan cin asid ne. Ƙwayoyin kulorin masu narkewa a hankali suna da tsami ƙwarai, pH ɗinsu, wato ma'aunin tsami da lambarsa take raguwa idan tsami ya ƙaru, kusan 3 ne. Idan ana jefa su a kwandon tsotsar ruwa, ko tukunyar da ake narkar da su a ciki tana haɗe bayan hita babu bawul mai hana ruwa komawa, to duk daren da famfo ya tsaya ruwa mai tsami yana kwana a cikin jan ƙarfen. Mai walda zai ce zai toshe ramin, kuma zai iya, amma ragowar bututan su ma haka suka cinye, ba da jimawa ba wani zai huje. A ganina asarar kuɗi ce.

Sa damin bai ba da wahala ba. A rufe gas daga bawul ɗinsa, a kashe lantarki daga tushe, a zubar da ruwa, a ɗauki hoton wayoyi kafin a cire ko ɗaya. Ramukan notuna sun dace da na tsohuwar heda daidai, ba a yi wa komai dole ba, kuma wannan shi ne abin da na fi yaba wa kayan. Robobin suna da kauri. A shafa musu girisin silikon kaɗan, ban da basilin ko girisin mota, suna kumbura irin wannan roba. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, a zagaye sau biyu ko uku har a kai ƙarfin da littafin hitar ya faɗa. Masu ƙarfin hannu su yi hattara, hedar roba ba ta son a matse ta fiye da kima.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba. Damin bai zo da siraran ƙarafan da ake jerawa a saman bututai don tare zafi ba, dole aka ciro na tsohon, wasu kuwa tsatsa ta ci su. Wanda ya manta da su hitarsa za ta sha gas, zafin ya bi hayaƙi. Takardar bayanin kuma ba ta ce komai ba game da abin da ruwan ya riga ya ɓata. A duba allunan da ke tare zafi a ɗakin wuta, in sun jiƙe sun ruguje a sauya. A ciro kawunan murhu a kakkaɓe tsatsa daga ramukansu. A kuma duba bawul ɗin cikin heda mai raba ruwa da na'urar daidaita zafin da ke kusa da shi, don asid ɗin da ya ci bututai bai ƙyale su ba, kuma idan na'urar ta maƙale a buɗe zufa ba za ta daina ba.

Bayan an haɗa, famfo ya yi minti 15 babu wuta ana dubawa, sannan a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗin gas da aka taɓa. Kumfa ko warin gas, a rufe a kira wanda ya san aikin gas. Harshen wuta ya zama shuɗi. Idan rawaya ne, ko akwai kunkunniya, gas ba ya ƙonewa sosai, kuma hayaƙin yana ɗauke da kabon monosaid mai kisa.

Wajen ɗumamawa, tafkin yana ƙara kusan digiri ɗaya a awa, wanda shi ne lissafin hita mai wannan ƙarfi a kan ruwa mai wannan yawa. Gamin nikel bai kai zallar jan ƙarfe saurin ɗaukar zafi ba, amma bambancin ba wanda mai tafki zai lura da shi ba ne. Ribarsa ita ce ya fi jure gishiri da gudun ruwa, don haka ya dace da tafkin da ake yin kulorin daga gishiri, inda gishirin yake kai ppm 3,000 (wato kashi 3,000 cikin miliyan) ko fiye. Sai dai shi ma asid yana cin sa. An sa bawul mai hana ruwa komawa tsakanin hita da tukunyar kulorin, ana riƙe pH tsakanin 7.4 da 7.6, alkalin, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, tsakanin ppm 80 da 120, kalsiyam tsakanin 200 da 400. Masu cika tafki da ruwan burtsatse su gwada shi tun daga bakin rijiya.

Batun kuɗi: damin yakan kai sulusin farashin sabuwar hita, wani lokaci ya doshi rabi idan aka haɗa da ladan aiki. Idan akwatin hitar da murhu da allon lantarki suna da lafiya, a saye shi. Idan gindin akwatin ya ruɓe, bawul ɗin gas ma ya sha ruwa, gara a tara kuɗin a sayi sabuwa. Mai saye ya karanta lambar samfuri da ta siriyal a jikin hitarsa ya ba mai sayarwa, domin hitoci biyu masu ƙarfi ɗaya daga kamfani ɗaya kan bambanta a ramukan heda idan shekarar ƙirarsu ba ɗaya ba ce.