Gawayin ƙasa a kasuwar Tawa: wutarsa ta yi, hanyarsa ce matsala

Kafin ka yaba gawayin ƙasa ko ka kushe shi, ka sa mai sayarwa ya kwance bakin buhu, ka zura hannu har gindi. A sama za ka tarar da dunƙulallu masu nauyi, wasu kamar ƙwan kaza, wasu kamar dunƙulen hannu. Can ƙasa kuwa hannunka zai nutse cikin tsakuwa da baƙin gari. Yawan wannan garin shi ke nuna ko ka yi sayayya ko an yi maka, domin kilo ka biya, kuma gari ba ya ci a murhu sai an sake masa aiki.

Gawayin da ake magana a kai shi ne wanda 'yan Nijeriya ke kira kwal, 'yan boko a nan kuma su ce sharbon mineral. Daga Anu Araren yake fitowa, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake haƙarsa a buɗaɗɗen rami. Na girki ba ɗanye ba ne. Ana fara gasa shi cikin ƙarancin iska har yawancin hayaƙi da kwaltar da ke jikinsa su fita, aikin da aka kafa kamfanin SNCC dominsa a 2004, da nufin rage saran itace. Gasawar nan ita ta rage masa hayaƙi, ita ce kuma ta sa yake da taurin kai wajen kamawa, don abin da ke saurin cin wuta a jikinsa an riga an kore shi.

Yawancin masu cewa ba ya kamawa, hura shi suke kamar gawayin itace. Ba ya jin ashana, ba ya jin leda, kananzir kuma sai ya ƙone a bayansa ya bar shi baƙi ƙirin. Sai an yi masa shimfiɗa. A zuba gawayin itace cikin tafi biyu a kan rariyar murhu, a hura shi har ya zama garwashi sosai, sannan a jera dunƙulallu biyar ko shida masu girman ƙwai a kai, da 'yar tazara tsakaninsu. A juya ƙofar murhu ta fuskanci iska, a yi fifita daga ƙasa, ba daga sama ba. Minti goma sha biyar zuwa ashirin gindinsu zai yi ja, lokacin ne za a ƙara sauran. Wanda ya juye kilo biyu gaba ɗaya a kan ƙaramin garwashi ya kashe wutarsa da hannunsa. Manyan dunƙulallu a fasa su da guduma tukuna, a kan buhu, don kada ɓarɓashin ya ɓace cikin rairayi.

Idan ya kama, to ya kama. Zafinsa ba ya hawa da sauka, kuma zubi ɗaya yana kai sa'o'i ba a ƙara masa gawayi ba. Ga mai dafa wake, ganda, ƙafar sa ko kan rago, ga mai tuwon sayarwa a bakin tasha da ke ɗora tukunya tun asuba, ga makarantun kwana da gidajen biki, ya fi itace nesa ba kusa ba. Tukunya ma ba ta yin baƙin da sai an yi ta gurza da yashi. Amma mai shayi da ke son butarsa ta tafasa kafin baƙo ya gama gaisuwa, da matar da za ta ɗumama miya kawai, su tsaya ga gawayin itace ko gaz. Kafin wannan ya kama sun gama.

Murhu shi ne rabin aikin. Furnon waya irin na shayi, ko na siririn gwangwani, ba ya jure wannan zafi: ya yi ja, ya lanƙwashe, ba da jimawa ba gindin ya hude. Ana son mai kaurin ƙarfe, cikinsa shafe da yumɓu kaurin yatsu biyu, da rariya mai ramuka da ɗan yatsa zai shiga, da fili a ƙarƙashinta wajen taruwar toka, da ƙofa mai rufuwa. Yumɓun ke riƙe zafi a ciki, ƙofar kuma ita ce linzami: a buɗe wuta ta tashi, a tura ta lafa. Maƙeran gari suna iya yin sa idan aka bayyana musu, sai dai a nace a kan kaurin rariya, don ita ke fara mutuwa. Kada kuma a bar tukunyar alminiyom babu ruwa a kai, gindinta zai yi laushi.

To, me ya sa gari ya yi yawa a buhu? Amsar tana hanya, kuma ba a gane ta sosai sai an duba yadda wasu mahaƙu suka warware wannan batu tun shekaru ɗari da suka wuce.

A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a gabashin Nijeriya. Turawan Ingila ba su tsaya tunanin jakuna ko 'yan dako ba. Suka kafa Fatakwal a bakin ruwa don fitar da shi, suka ja dogo mai kilomita 243 daga can har Inugu, ya iso a 1916, garin Inugu kansa ma a kan kwal ya tsiro. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki ba babban dogon kaɗai ba ne, 'yan gajerun rassan da ke ballewa daga jikinsa su nufi bakin rami ne. Irin wannan reshe aikinsa a bayyane yake. Akwai mararraba inda ake jan hannun ƙarfe a karkata dogo. Kan jirgi ya turo taragai babu kaya ya ajiye su a layi ɗaya, ya tafi harkarsa, don kada babbar hanya ta toshe. Kwal ɗin da ya fito daga rami sai ya bi ta kan manyan rariyoyi, manya gefe, matsakaita gefe, gari gefe, kowanne ya zuba ta bakin rumbunsa kai tsaye cikin tarago. Wanda ya cika a gangara da shi kan sikelin da ke ƙarƙashin dogo, a rubuta nauyinsa, a jera shi a wani layin ya jira jirgi. Sau ɗaya aka loda, sau ɗaya za a sauke. Mai saye kuma ya san girman da ya biya.

Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, kwal ɗin ya riƙa haura Binuwai zuwa arewa ba tare da an tsaya jiran fito ba, kuma da shi jiragen hayaƙi suka ja gyaɗa daga Kano zuwa teku, har da ta Maraɗi da Damagaram da ke bi ta can a wancan zamani. Ba a same shi a banza ba: ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan rami 21 a kwarin Iva saboda rikicin albashi. Daga baya jiragen suka koma gazuwal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara durƙusar da haƙar, a hankali rassan suka zama wurin kiwon awaki. Reshen mahaƙa ba ya da wani fasinja sai kwal. Ranar da rami ya tsaya, shi ma ya tsaya.

Anu Araren bai taɓa samun irin wannan ba, kuma ba a gina shi don ya samu ba. An dasa tashar lantarki a bakin ramin, injuna biyu masu megawat 18.8 kowanne, ta fara ba da wuta a 1981 don mahaƙun yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin. Wato maimakon a ɗauki gawayi a kai wa mai buƙata, sai aka ƙone shi a wurin aka aika da ƙarfinsa ta waya. Dabara ce mai kyau ga lantarki. Amma ɗan kason da aka ware wa murhun gida ba shi da abin hawa sai kamyo. A zuba a buhu, a jefa cikin mota, ya sauko Agadas, ya kama hanyar yuraniyom ta Abalak da Tabalak, wajen kilomita 400 kafin Tawa, kuma duk wanda ya bi hanyar nan ya san abin da take yi wa ƙugun mutum, balle gasasshen gawayi da nauyin wasu buhunan ke danne. A sauke a ma'ajiya, a sake ɗorawa a amalanke, a sake jefarwa a ƙofar kanti. Kowace jifa tana da rabonta. Na Yamai kuwa sai ya ƙara wasu kilomita ɗari biyar da 'yan kai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuɗin gazuwal yana hawa kan kowane buhu. Daga Doso ma zai riƙa tafiya kusa da dogon da aka shimfiɗa zuwa Yamai aka buɗe a 2016, wanda bai zama hanyar kaya ba.

Mu 'yan Adar muna da namu gawayin a ƙarƙashin ƙasa, a Salkadamna wajen Takanamat, kimanin kilomita 80 daga Tawa. A 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya aza tubalin aikin, da shirin tashar lantarki mai megawat 600 da masana'antar dunƙula gawayin girki. Idan wannan ya tabbata, tafiyar buhu za ta ragu zuwa ta hantsi ɗaya.

Kafin nan, ga abin da mai saye zai yi. Ya ɗaga buhu ya jijjiga: ƙarar duwatsu na gogar juna alama ce mai kyau, shiru da nauyi a gindi gari ne. Ya guji buhun da ya kwana a ƙasa da damina, don ruwa zai saya da kuɗin gawayi, jiƙaƙƙe kuma tartsatsi yake yi yana fashewa. Ya tsince baƙin dutsen da kan ɓuya a ciki, mai faɗi, mai nauyin da ya wuce girmansa, wanda ko ya kwana a wuta ba zai ci ba. Idan da hali a auna masa a sikeli bayan an tankaɗe.

Tokarsa tana da yawa ƙwarai, ta fi ta itace nesa. Duk bayan rabin sa'a a zungure rariya daga ƙasa da siririn ƙarfe, in ba haka ba ramukan su toshe, wuta ta mutu tsakiyar girki a ce laifin gawayi ne. Kuma ba tokar kara ba ce: ba a yin ruwan toka na miya da ita, ba a sabulu, ba a ba dabbobi su lasa. Nama ma kada a gasa shi kai tsaye a kai tun yana sabon kamawa, akwai ɗan warin farar wuta da ke kama kitse.

Abu ɗaya ba wasa a cikinsa. Lokacin ɗari mutane kan shigar da murhu ɗaka su rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Wannan gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, rashin hayaƙinsa ma shi ke yaudarar mutum. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. A tsakar gida ake amfani da shi, ko a rumfa mai shan iska ta ɓangare biyu.

In an gama girki kada a watsa ruwa, yumɓun murhu zai tsage. A ɗebe garwashin da awartaki a zuba cikin gwangwani mai murfi a rufe, gobe ya fi sabo saurin kamawa. Garin gindin buhu kuma a tankaɗe shi, a auna kwano takwas, a ƙara kwano ɗaya na yumɓu mai laushi, a kwaɓa da ɗan kokon garin rogo har ya riƙe in an matse, a dunƙula kamar fura, a huda tsakiyar kowanne da kara don iska ta ratsa. Kwana uku a rana da bazara, biyar ko fiye da damina, ana juyawa. Wanda aka saki daga tsayin gwiwa bai watse ba, ya isa shiga murhu.