Bidiyon waƙa: a nuna mawaƙi, ko a bar waƙar ta yi magana?

Hanyar da aka saba ita ce mawaƙi ya tsaya gaban kyamara, a kunna masa waƙar yana bin ta da baki, a ɗauke shi daga nesa, daga tsakiya, sannan daf da fuska. Aikin na iya ƙarewa a yini ɗaya, kuma sabon mawaƙi yana buƙatar a san fuskarsa. Illarta, mai kallo kan tafi da hoton kayan jikinsa, baitin bai zauna masa ba. In kuma saurin waƙar da aka kunna wurin ɗauka ya saɓa da na asali, baki da sauti ba za su haɗu ba wajen tacewa.

Ɗaya hanyar tana cire mawaƙin gaba ɗaya: labari, zane mai motsi, ko mai rawa shi kaɗai. A nan kiɗa ne ke jan ragamar yanka, wato sauyawa daga wani hoto zuwa wani. Waƙa mai bugu 120 a minti, in ana hoto 24 a daƙiƙa, kowane bugu yana cin hoto 12, sai a daidaita yankan a kansa. Zane kuwa aiki ne ja: minti 3 da zane 12 a daƙiƙa ya kai zane 2,160.

Babban haɗarin wannan hanya ta biyu shi ne labari ya danne waƙar, a bi shi a manta da amshi. Maganinsa, a ware wa amshi hoto guda mai dawowa duk lokacin da ya zagayo. Waƙar da kalmominta ke da nauyi, wannan hanyar ta fi yi mata adalci.